Tambaya da Amsa: Rimot da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Yawancin tambayoyin da suka iso wannan fili a wannan karon sun shafi rimot ne, wato na talabijin da na dikoda da na lasifika, saboda haka muka haɗa su wuri guda domin amsar wata tana taimakawa wajen fahimtar wata.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina so a raba mana gardama. Ni da abokina mun yi musu a kan yadda rimot yake ba talabijin umarni alhali babu waya tsakaninsu. Shi ya ce igiyar rediyo ce irin ta wayar salula, ni kuwa na ce ba haka ba ne, domin idan mutum ya tsaya a gaban talabijin rimot ba ya aiki. Wane ne yake da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, idan ana maganar rimot na yau da kullum, gaskiya tana wajenka, kuma hujjar da ka kawo ta isa. Igiyar rediyo tana ratsa jikin mutum da katako da bango, amma abin da yake fita daga rimot haske ne, don haka duk abin da zai iya yin inuwa zai iya tare shi. Idan ka duba goshin rimot za ka ga wani ɗan ƙwai mai kama da ƙwayar gilashi, ko kuma wata baƙar roba mai sheƙi da ta rufe shi. Wannan ƙwan fitila ne sosai, sai dai hasken da yake bayarwa, wanda ake kira infirared, yana wajen iyakar abin da idon ɗan Adam yake iya gani. Idonmu yana ganin haske mai tsawon zango daga kimanin nanomita 400 zuwa 700 (nanomita kashi ɗaya ne bisa biliyan na mita), shi kuwa na rimot yawanci 940 ne. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ne ya gano wannan haske a shekarar 1800, sa'ad da ya raba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa auna zafin kowane launi, sai ya tarar ma'aunin ya ƙara hawa a can gefen ja inda ido ba ya ganin komai.

To, matsalar da masu ƙera rimot suka fuskanta ita ce ɗakin zama cike yake da irin wannan haske, daga rana da kuma daga fitilu. Da a ce talabijin zai amsa duk infirared ɗin da ya faɗo masa, da ba a zauna lafiya ba. An ma taɓa ganin makamancin hakan: a 1955 kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da wani rimot mai suna Flash-Matic, ƙirar Eugene Polley, wanda yake haska kusurwoyi huɗu na talabijin da haske na zahiri kamar tocila, kuma hasken rana kaɗai yakan iya sauya tasha. Shekara guda bayan haka Robert Adler ya kawo wani mai amfani da sautin da kunne ba ya ji, ba ya ma buƙatar batir, domin ƙananan sandunan alminiyom ne ake bugawa a cikinsa. Wannan ya daɗe yana aiki kafin infirared ya maye gurbinsa a farkon shekarun 1980.

Dabarar da aka samo ita ce a sa ƙwan rimot ya riƙa ƙiftawa da saurin da yawancin hasken ɗaki ba ya yin irinsa, galibi sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya. Ɗan idon da yake gaban talabijin an ƙera shi ne ya yi watsi da kowane haske in ba mai ƙiftawa da kusan wannan saurin ba. Shi kuma saƙon kansa yana cikin yadda ake kunna wannan ƙiftawar da yadda ake dakatar da ita. A ɗauki tsarin kamfanin NEC, wanda na'urori da yawa suke bi. Da zarar ka danna maɓalli, rimot zai fara da ƙiftawa mai tsawon milisakan 9 (milisakan kashi ɗaya ne bisa dubu na daƙiƙa), ya yi shiru na milisakan 4.5, wannan shi ne sanarwar cewa saƙo yana tafe. Daga nan sai lambobi 32 na sifili da ɗaya su biyo baya, inda gajeren shiru bayan ƙiftawa yake nufin sifili, dogon shiru kuma yake nufin ɗaya. Takwas na farko adireshin na'urar ne, takwas na biyu adireshin ne a juye, wato kowane sifili ya koma ɗaya, kowane ɗaya ya koma sifili, sannan takwas na umarni, sannan umarnin a juye. Amfanin juyawar shi ne talabijin ya gwada biyun, idan ba su dace ba ya san saƙon ya lalace a hanya, ya yi banza da shi maimakon ya aikata abin da ba a sa shi ba. Duk wannan yana kammaluwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Sai dai kada ka yi wa abokinka dariya da yawa, domin akwai sababbin rimot masu amfani da igiyar rediyo, kuma za mu zo kansu a ƙasa.

Tambaya: Me ya sa rimot ɗin talabijin ɗina ba ya aiki a kan dikodata, amma kuma duk lokacin da na danna maɓallin ƙara murya sai wata ƙaramar lasifika da na saya ta sauya waƙa?

Amsa: Abubuwa biyun da kika gani tushensu ɗaya ne. Babu wani tsari guda da dukkan kamfanoni suka amince da shi. Philips yana da nasa mai suna RC-5, mai lambobi 14 da ƙiftawa sau 36,000 a daƙiƙa. Sony yana da nasa mai lambobi 12 ko 15 ko 20 da ƙiftawa sau 40,000. Wasu kuma suna bin na NEC da muka bayyana. Dikodarki tana ganin hasken rimot ɗin talabijin sarai, amma ko dai tsarin ya bambanta da nata, ko kuma adireshin ba nata ba ne, shi ya sa take yin shiru. Ita kuwa lasifikar an yi rashin sa'a ne adireshinta ya zo daidai da na talabijin, abin da yakan faru da ƙananan na'urori masu araha waɗanda masu ƙera su suke ɗaukar adireshin da suka ga dama, kuma lambar da take nufin ƙara murya a wajen talabijin ita ce take nufin sauya waƙa a wajenta. Idan babu wurin sauya adireshi a saitinta, kuma mafi yawansu ba su da shi, sai ki nisanta ta daga talabijin, ko ki juyar da fuskarta, ko ki liƙa baƙin salatif mai kauri a kan idonta idan ba kya buƙatar nata rimot ɗin.

Tambaya: Malam, rimot ɗina ya daina aiki gaba ɗaya bayan ya ɗan jima yana gardama. Ta yaya zan san ko laifinsa ne ko na talabijin kafin in kira mai gyara?

Amsa: Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya buƙatar kayan aiki. Buɗe kyamarar wayarka, ka fuskantar da goshin rimot gare ta, ka danna kowane maɓalli kana kallon fuskar wayar. Kyamara tana ganin ɗan abin da ido ba ya gani, don haka rimot mai rai zai nuna wani haske fari-fari ko mai launin shuɗi da ja-ja yana walƙiya. Idan ba ka ga komai ba kada ka yanke hukunci tukuna, ka sake gwadawa da kyamarar gaba, domin a wayoyi da yawa kyamarar baya tana da matacin da yake tare infirared kusan gaba ɗaya. Mafi kyau ma ka fara gwada wani rimot da ka tabbatar yana aiki, domin ka san kyamarar tana gani.

Idan babu haske ko kaɗan, batir ne abin zargi na farko. Ka sauya duka biyun tare, kada ka haɗa tsoho da sabo. Ka kuma duba ƙarafan da batir yake taɓawa: idan ka ga wani farin gari ya daskare a kansu, batirin ne ya yoyo, kuma ana cire shi da auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan khal ko na lemun tsami, a bari ya bushe sarai, a wanke hannu bayan an gama. Idan kuwa wasu maɓallai suna ba da haske wasu ba sa bayarwa, musamman waɗanda aka fi dannawa kamar na murya da na tasha, to datti ne. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan baƙin ɗigo mai ɗaukar lantarki wanda yake sauka a kan wasu siraran layuka biyu da suke sarƙe da juna a allon ciki ya haɗa su. Da tafiya ta yi nisa sai wani maiƙo mai danƙo ya taru a tsakani, shi ya sa ake kai ga matsa maɓalli da ƙarfi kafin ya amsa. A buɗe rimot a hankali, a goge allon da ɗigogin da sifirit, ba tare da kankarewa ba, domin idan baƙin ya goge maɓallin ya mutu ke nan.

Idan rimot yana ba da haske mai ƙarfi amma talabijin bai kula ba, kafin a zargi idon talabijin a duba abubuwa uku. Wataƙila an ajiye lasifika ko wani abin ado ya tare idon, wanda yawanci yana can ƙasa kusa da ƙaramar fitilar da take nuna akwai wuta. Wataƙila kuma hasken rana yana dukansa kai tsaye ya makantar da shi, ko wata fitila irin ta dogon ƙwai ko mai murɗaɗɗen gilashi tana ƙiftawa da saurin da ya yi kusa da na rimot; a ja labule, a kashe fitilar, a sake gwadawa. Na ukun shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba: wani rimot daban da ya maƙale a gefen kujera, maɓallinsa a danne, yana ta zuba haske ba ƙaƙƙautawa yana hargitsa saƙon kowa. Sai an kawar da waɗannan duka, an kuma zare talabijin daga wuta na ɗan lokaci an mayar, sannan za a ce lokacin mai gyara ya yi.

Tambaya: Rimot huɗu ne a ɗakina: na talabijin, na dikoda, na lasifika da na na'urar faifai. Na sayi guda ɗaya da aka ce yana sarrafa komai, na saita shi yadda maɓalli ɗaya zai kunna su duka, amma wani lokaci sai ya kunna uku ya kashe ɗaya. Shin jabu aka sayar mini?

Amsa: Ba lallai ba ne jabu ne, Alhaji. Abin da ka ci karo da shi shi ne babban raunin infirared baki ɗaya, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin matsalolin rimot: saƙon hanya ɗaya yake bi. Rimot yana aikawa, amma ba shi da hanyar sanin ko an karɓa, tamkar wanda ya tura wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa ya wuce bai san ko akwai mutum a gidan ba. Bai san talabijin a kunne yake ko a kashe ba. A mafi yawan na'urori kuma lambar kunnawa ita ce ta kashewa, ma'anarta kawai a sauya halin da ake ciki. Saboda haka idan wani ya riga ya kunna dikoda da hannu, ko kuma ka sauke hannunka kafin rimot ya gama aika jerin umarninsa har ɗaya ya kuskure, to daga nan lissafi ya rikice, kuma duk dannawar da za ka yi za ta kunna wasu ta kashe wasu.

Maganin farko shi ne ka riƙe rimot yana fuskantar na'urorin har ya gama, domin jerin umarni huɗu ko biyar yakan ɗauki daƙiƙoƙi. Na biyu, idan rimot ɗin yana ba da dama, ka sa ɗan jinkiri tsakanin umarnin kunna talabijin da na zaɓar mashigar dikoda, saboda talabijin da yawa ba sa sauraron komai a daƙiƙoƙin farko bayan sun tashi. Na uku, wasu kamfanoni suna da lambobi biyu daban, ɗaya ta kunnawa kaɗai ɗaya ta kashewa kaɗai, ko da ba su sa musu maɓalli a rimot ɗinsu na asali ba, kuma rimot mai inganci yakan zo da su a rumbunsa. Idan aka samu waɗannan, matsalar ta kau, domin na'urar da take kunne ba za ta kula da umarnin kunnawa ba.

Yana da kyau a san cewa irin wannan rimot yana samun lambobinsa ne ta hanya uku. Ko dai ka shigar da lambar kamfanin na'urarka daga ɗan littafin da ya zo da shi, ko ka bar shi ya yi ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya har talabijin ya amsa, ko kuma ya koya daga tsohon rimot, inda ake haɗa su goshi da goshi da tazarar 'yan santimita a danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Tunanin rimot da ake iya tsara masa jerin umarni ba sabo ba ne, domin Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, ya fitar da irinsa mai suna CORE tun a 1987. Koyo daga tsohon rimot yana da nasa tarko. A tsarin RC-5 akwai lamba ɗaya da take sauyawa duk lokacin da aka saki maɓalli aka sake dannawa, domin na'ura ta bambance dannawa biyu da riƙewa. Rimot ɗin da ya haddace siga ɗaya kawai zai yi ta maimaita ta, sai ka nemi tasha ta 11 talabijin ya kai ka ta 1.

A ganina, wanda na'urorinsa suke haɗe da kebul ɗin HDMI, wato mai kai hoto da sauti ga talabijin, ya fara gwada abin da yake da shi kafin ya ƙara kashe kuɗi. A cikin wannan kebul akwai waya ɗaya da aka keɓe domin na'urori su riƙa aika wa juna umarni, ana kiran tsarin CEC, kuma shi hanya biyu yake bi, wato na'ura tana iya tambayar 'yar'uwarta halin da take ciki ta sami amsa. Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, Viera Link a Panasonic. Idan aka kunna shi a saitin kowace na'ura, rimot ɗin talabijin kaɗai yakan iya ƙara muryar lasifika ya kuma kashe su tare. Ba ya rasa nasa halin, musamman idan kamfanonin sun bambanta, amma gwada shi ba ya cin komai.

Tambaya: Na sauke manhajoji uku da suka ce za su mayar da wayata rimot, babu wadda ta yi aiki. Ina kuskuren yake?

Amsa: Manhaja ba ta iya samar da hasken da wayar ba ta da ƙwansa. Ka duba saman wayarka: idan akwai wani ɗan baƙin ɗigo mai sheƙi wanda ba ramin makirufo ba ne, mai yiwuwa ƙwan infirared ne, kuma irin waɗannan wayoyi sukan zo da manhajarsu tun daga kamfani. Wayoyin Xiaomi da yawa suna da shi. Samsung ya sa shi a Galaxy S4 da S5 da S6, ya cire shi daga S7 a 2016, iPhone kuwa ba ta taɓa zuwa da irinsa ba. Manhajojin da suke aiki ba tare da ƙwan ba ta Wi-Fi suke bi, don haka sai talabijin mai shiga intanet, kuma sai shi da wayar suna kan layi ɗaya. Idan talabijin ɗinka ba irin wannan ba ne, akwai ɗan ƙwai da ake soka wa a ramin cajin waya, akwai kuma ƙananan akwatuna da ake ajiyewa a ɗaki su karɓi umarni daga waya ta Wi-Fi su fitar da shi a matsayin infirared. Su ma dai ba su san ko na'urar ta amsa ba. Manhajar rimot da ta nemi izinin shiga lambobin mutanenka ko hotunanka kuwa, ka goge ta, aikinta bai buƙaci haka ba.

Tambaya: Ina so in ɓoye dikoda da sauran na'urori a cikin kabad mai ƙofa domin ɗakin ya yi tsaf. Rimot zai ci gaba da aiki?

Amsa: Ya danganta da ƙofar, Hajiya. Katako da ƙarfe suna tare hasken ɗungurungum. Gilashi fari yana barinsa ya wuce, kuma gilashi mai duhu ma sau da yawa yana bari, gwaji ne kawai zai nuna. Akan yi mamakin yadda rimot yake aiki ko da an nuna shi ga rufin ɗaki ko bangon baya, dalili kuwa farin bango yana mayar da infirared kamar yadda yake mayar da kowane haske, amma wannan ba zai shigar da shi cikin rufaffen kabad ba. Abin da ake yi shi ne a sa na'urar miƙa saƙo: ɗan ido guda da ake liƙawa a waje inda rimot zai same shi, da siraran wayoyi masu ƙananan ƙwai a bakinsu waɗanda ake mannawa daidai kan idon kowace na'ura a ciki. Wajen mannawar ne aka fi kuskure, don haka ki haska fuskar na'urar da tocila, za ki hango idon a bayan baƙar robar. Ki tabbatar kuma wadda za ki saya tana karɓar saurin ƙiftawar na'urorinki, domin wasu dikodoji suna amfani da 56,000 a maimakon 38,000. Kada a manta da iska: dikoda da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, suna zafi, kabad ɗin yana buƙatar ramuka a baya.

A nan ne maganar abokin mai tambayar farko take dawowa. Ƙananan na'urorin kallo ta intanet da ake soka wa a bayan talabijin, irin su Fire TV na Amazon, rimot ɗinsu da Bluetooth yake aiki, wato igiyar rediyo, shi ya sa ba ya buƙatar a nuna shi ko'ina, kuma shi ya sa sai an haɗa shi da na'urarsa tun farko. Duk da haka da yawansu suna ɗauke da ƙwan infirared domin kunna talabijin da ƙara murya, saboda haka idan maɓallin murya kaɗai ya ƙi aiki alhali sauran suna yi, a duba abin da ya tare gaban talabijin.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara biyu yana son danna rimot yana kallon goshinsa. Hasken zai iya cutar da idonsa?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki a kan hasken. Ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, a warwatse yake fita ba a tattare kamar leza ba, kuma infirared ɗin da yaro yake samu daga hasken rana a tsakar rana ya ninka shi nesa ba kusa ba. Abin tsoro a rimot shi ne batir, musamman ƙaramin nan mai faɗi kamar kwabo da ake sa wa siraran rimot na lasifika da fitilu. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, alhali da farko ba lallai a ga wata alama ba. Ki duba murfin batirin kowane rimot a gidan, wanda ba shi da sukurun da yake riƙe shi ki naɗe shi da salatif ko ki ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan kuma aka yi zargin ya haɗiye, a tafi asibiti nan take ba tare da jiran alama ba, kada a sa shi amai, a kuma tafi da rimot ɗin ko kwalin batirin domin likita ya san girmansa da irinsa.